Nazari a Kan Inganta Rediyo da Lasifikar Mota a Yankin Yankara

Garin Yankara yana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a bakin babban titin da ya taso daga Funtuwa ya bi ta Sheme, ya shiga Tsafe har ya dangana da Gusau. Motocin da ke zirga-zirga a wannan titi, da wanda ya ratse daga Sheme ya nufi Ƙanƙara, da na Ɗandume zuwa Sabuwa, galibinsu tsofaffi ne: Golf da Sharon da bas-bas na Toyota da ragowar Fijo, sai Corolla da Camry da Honda na masu hawa na kansu. Yawancinsu an yi shekaru ana hawansu a Turai ko Amurka kafin su iso ta Kwatano ko Legas, shi ya sa ake ce musu 'yan Kwatano ko 'yan Baljiyam. Kowacce ta zo da rediyo da lasifikar da kamfani ya sa mata, waɗanda aka tsara domin wata ƙasa da wani yanayi da wani mai saurare daban. A wannan nazari za mu duba abin da ya kamata mai mota a wannan yanki ya sani kafin ya taɓa waɗannan kaya. Ra'ayin da za mu kafa hujja a kansa shi ne cewa a nan ana auna ingancin kayan sautin mota da yadda muryar ɗan Adam ke fita tar, da yadda rediyo ke kama tasha daga nesa, domin waɗannan biyu su ne bukatar mafi yawan masu saurare.

Ma'anar kalmomin nazari

Da kalmar rediyo muna nufin akwatin da ke cikin dashbod, wato allon gaban direba, wanda wasu har yanzu suke kira tef. Aikinsa uku ne: yana kamo tasha ko ya karanto abin da ke cikin kaset ko faifai ko mimori, yana ba direba maɓallan sarrafawa, sannan yana ƙara wa siginar ƙarfi. Sigina ita ce ƙaramar wutar lantarki mai hawa da sauka wadda ke ɗauke da siffar sauti, kuma sashen da ke ƙara mata ƙarfi shi ake kira amfilifaya. Kowane rediyo yana da ƙarama a cikinsa, ana kuma sayar da babba daban. Lasifika kuwa, ko sifika a bakin 'yan tasha, ita ce ke mayar da wannan wuta ta zama sauti. A bayanta akwai maganaɗisu, a tsakiyarsa akwai naɗin siririyar waya da ake kira kwayil, kwayil ɗin kuma yana manne da wani faifai mai zurfi na takarda ko roba. Idan wuta ta ratsa kwayil sai ya yi gaba da baya, faifan ya bugi iska, kamar yadda fatar kalangu ke bugun iska idan makaɗi ya sauka a kanta. Kalma ta ƙarshe ita ce wayarin, wato dukkan wayoyi da mahaɗai da fis da ke sada waɗannan sassa da batir.

Akwai kuma ma'aunai huɗu da ba za a fahimci sauran bayanin ba sai da su. Haz shi ne ma'aunin yawan girgizar sauti a cikin daƙiƙa ɗaya: ƙarancinsa kauri ne, yawansa siranta ne, kuma kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ke tsakanin haz 20 da haz 20,000. Desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne. Wat ma'aunin ƙarfin wutar da amfilifaya ke turawa ne, ana kuma samun sa ta hanyar ninka bolt, wato matsin wuta, da amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a waya. Om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta, kuma yawancin lasifikun mota om 4 ne.

Abin da ake saurare

Tun daga 1930, lokacin da kamfanin Galvin na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, kayan sautin mota suna bin abin da masu saye ke son ji. Kamfanin Blaupunkt na Jamus ya kawo zangon FM cikin mota a 1952, Philips ya fito da kaset a 1963, kuma a ƙasar Hausa kaset ya yi zamani tare da Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975. Faifan CD bai daɗe yana jan zarensa a nan ba, domin ƙura tana rufe idon da ke karanta shi, gargada kuma tana sa shi tsalle. Mimori da filashi su suka gaje shi, tare da masu sana'ar tura karatu da waƙa a kasuwanni da tashoshi.

Idan muka kasa abin da ke fita daga lasifikar motar haya a wannan yanki, za mu same shi kashi huɗu. Na farko karatun Alƙur'ani ne da tafsiri da wa'azi, tun daga tsofaffin karatuttukan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da aka ɗauka a Masallacin Sultan Bello na Kaduna har zuwa na malaman yau. Na biyu labarai ne da shirye-shiryen gidajen rediyo. Na uku waƙoƙin makaɗan gargajiya ne, irin su Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa ya kuma rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da sauran makaɗan ƙasar Zamfara da Sakkwato. Na huɗu waƙoƙin zamani ne da ake haɗawa da fiyano a situdiyo. Uku daga cikin huɗun nan murya ce ginshiƙinsu, na huɗun ma baitin ake bi. Wannan yana da muhimmanci ta fuskar kimiyya. Tushen muryar namiji yana tsakanin haz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, kuma a nan karin sautin Hausa yake hawa da sauka. Amma abin da ke bambanta baƙaƙe, ya raba s da sh da ts, ko ya raba sinun da sadun a bakin mai tilawa, yana can sama, daga wajen haz 2,000 zuwa gaba. Kayan sautin da suka cika kauri suna danne wannan sashe, domin sauti mai kauri yana rufe siriri fiye da yadda siriri ke rufe mai kauri. Ga shi kuma gurnanin inji da na taya a kan kwalta shi ma mai kauri ne, yakan kai desibel 70 ko fiye a cikin mota mai gudu. Saboda haka mai ƙara kauri domin ya ji malami sosai yana ƙara wa abin da ke hana shi ji ne.

Ire-iren ingantawa

Aikin da ake kira inganta rediyo ya kasu huɗu, kuma kuɗinsu da haɗarinsu suna hawa ne bi da bi. Akwai gyara, wato mayar da kayan kamfani yadda suke tun asali. Akwai ƙari, wato a bar rediyon kamfani a wurinsa a haɗa masa wata 'yar na'ura, kamar wadda ake sokawa a ramin kunna sigari ta karɓi sauti daga waya ta bulutut, hanyar sadarwa marar waya ta kusa da kusa, sannan ta watsa shi a wani gurbi na FM da babu tasha. Akwai sauyi, wato cire rediyo ko lasifika a sa wasu. Akwai kuma faɗaɗawa, wato ƙara babbar amfilifaya da akwatin wufa, lasifikar da ke ba da kauri. Mun lura cewa masu mota da yawa suna tsallake na farko su faɗa na uku ko na huɗu, alhali sau da yawa cutar tana wurin da kuɗi kaɗan zai magance ta: eriya ta karye, ko wayar da ke ratsa tsakanin ƙofa da jikin mota ta tsinke saboda buɗewa da rufewa, ko faifan lasifika ɗaya ya yage. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A juya maɓallin da ke karkata sauti dama da hagu, da wanda ke karkata shi gaba da baya, a saurari kowace lasifika ita kaɗai. Wadda ta yi shiru ko take kakari za ta bayyana kanta.

Rediyo da matsalar kama tasha

A nan ne asalin mota yake da tasiri mafi girma, kuma a nan ne aka fi yin asara cikin rashin sani. Zangon FM a Najeriya, kamar a mafi yawan duniya, yana tsakanin megahaz 87.5 da 108. A Japan kuwa ya daɗe yana tsakanin 76 da 90, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 95. Don haka rediyon gwanjo da aka ƙera domin kasuwar Japan, komai kyansa, ba zai kama Companion FM ta Katsina a kan 104.5 ba, haka ma Freedom ta Kano a kan 99.5. Rediyon motar Amurka yana da tasa matsalar. A matsakaicin zango, wanda ake rubutawa AM ko MW, tashoshin Afirka da Turai suna jere da tazarar kilohaz 9, na Amurka kuwa da tazarar 10. Rediyon Najeriya Kaduna an san shi a kan kilohaz 594, amma rediyon Camry ɗin da ta fito daga Amurka zai tsallaka ne daga 590 zuwa 600, ya bar tashar a tsakani, sai a ji ta a shaƙe ko a rasa ta. A FM ma irin wannan rediyo yakan tsaya ne a kan lambobin da suka ƙare da mara, kamar 99.5 da 99.7. Yawancin sababbin rediyoyi na Pioneer da Sony da Kenwood da ake sayarwa domin kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya suna da wurin sauya wannan tazara a cikin saitinsu, kuma ya kamata mai saye ya sa a nuna masa kafin ya biya.

Dalilin da ya sa muka tsaya a kan matsakaicin zango shi ne yanayin wurin. Yankara ta fi kusa da Funtuwa da Gusau a kan birnin Katsina, kuma siginar FM tana tafiya ne kusan a miƙe, duwatsu da nisa suna tare ta. Ta matsakaicin zango tana bin doron ƙasa, da dare kuma takan yi nisa ƙwarai. Wasu rediyoyi masu araha, musamman masu allon taɓawa da ke aiki da manhajar Android, ba su da wannan zango sam, na FM ɗinsu ma rarrauna ne, domin an gina su ne a kan zaton cewa mai su zai jawo komai daga intanet. Mutanen wannan yanki sun ga iyakar wannan zato a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, aka yi watanni a haka. A wannan lokaci abin da ya rage wa direba shi ne tashar da eriyarsa ta kamo da abin da ke cikin mimorinsa. A ganinmu duk rediyon da bai iya waɗannan biyu da kyau ba bai dace da motar da ke bin wannan hanya ba, ko da allonsa ya kai faɗin littafi.

Ita kanta eriya tana da ƙa'ida. Tsawon da ya dace da FM wajen santimita 75 ne, saboda haka guntuwar waya da aka cusa a ramin eriyar da ta karye ba za ta maye gurbinta ba. Motocin Volkswagen da yawa, irin su Golf da Sharon, suna da 'yar amfilifaya a gindin eriya wadda ke samun wuta daga rediyon kamfani ta cikin wayar eriyar kanta. Idan aka sa wani rediyo ba tare da mahaɗin da ke ba ta wuta ba, kamun tasha zai faɗi warwas, mai mota ya ɗora laifi a kan sabon rediyo. Game da girman rediyo kuwa, akwai ma'aunin da ya samo asali daga hukumar ƙa'idoji ta Jamus mai suna DIN, wanda ya zama na duniya a 1984: faɗin santimita 18 da tsayin 5, ko tsayin 10 ga mai hawa biyu. Tsofaffin motocin Turai galibi suna bin sa kai tsaye. Sababbin Toyota da Honda sukan bukaci firam na roba da aka yi domin samfurinsu, kuma yanka dashbod da wuƙa domin rediyo ya shiga ɓarna ce da ke rage darajar mota ranar sayarwa. Ya kamata a san kuma cewa rediyon kamfani na Honda da Volkswagen yakan kulle kansa idan aka cire batir, sai an sa masa lambar sirri, don haka wanda ya ƙi tashi bayan an sauya batir mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Lasifika

Lasifikun mota sun kasu bisa sashen sautin da kowacce ke ɗauka. Wufa ita ce mai faɗi da ke ba da kauri da tsakiya, tuwita ita ce 'yar ƙarama mai ba da siririn sauti, sai babbar wufa ta cikin akwati wadda aikinta ya taƙaita ga abin da ke ƙasa da wajen haz 80 zuwa 100. Ta fuskar ƙira kuma iri biyu ne. Akwai haɗaɗɗiya, wadda aka ɗora tuwita a tsakiyar wufa, akwai kuma rarrababbiya, wadda wufa ke ƙofa, tuwita na sama kusa da gilashi, da wata 'yar na'ura mai raba musu sauti. Siririn sauti yana tafiya a miƙe, saboda haka tuwitar da ke daidai kunne ta fi wadda ke wajen ƙafa fitar da baƙaƙen magana. Girman da aka fi samu a ƙofa shi ne inci 6.5 da inci 5.25, sai mai siffar ƙwai, inci 6 da 9, a kan allon baya. Kafin saye a auna zurfin ramin ƙofa, domin maganaɗisu mai kauri yakan tare gilashi idan an sauke shi.

Abin da ke kashe lasifika a wannan yanki sananne ne. Zafin bazara yana gasa motar da aka ajiye a rana har soson da ke zagaye da faifan ya bushe ya ruɓe. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin kwayil da maganaɗisu ta haifar da kakari. Ruwan damina yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa ya jiƙa faifan takarda, musamman inda mai gyara ya yage ledar da kamfani ya liƙa a cikin ƙofar bai mayar ba. Gargada kuma tana kwance kusoshi. Don haka lasifika mai faifan roba da zagayen roba ta fi mai takarda da soso jure wa wurin. Ba kowace lasifikar da ta lalace ce ta shara ba: akwai masu sana'ar sake faifai da naɗa kwayil a manyan garuruwa, kuma a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna akan samu ta kamfani da aka ciro daga wata mota, wadda za ta zauna a raminta ba tare da huda ko yanka ba.

Lambar da ke jikin kwali ita ce ta fi ruɗar mai saye. Wat iri biyu ne: akwai na ƙololuwa, wanda kaya ke iya kaiwa na ƙiftawar ido, akwai kuma na ɗorewa, wanda ake rubutawa RMS, kuma shi ne na gaskiya. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau 4 yakan ba kowace lasifika tsakanin wat 15 da 22 na ɗorewa, domin wutar mota, wadda ba ta wuce bolt 14.4 idan inji na aiki, ba ta ba ƙaramar amfilifayar cikinsa damar wuce haka da yawa a kan om 4. Lambar da aka rubuta wa lasifika kuwa tana nuna abin da za ta iya jurewa ne kawai, ba ta ƙara mata amo. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne kaifinta, wato desibel nawa take bayarwa daga wat ɗaya. Ƙarin desibel 3 yana bukatar ninka wuta sau biyu, saboda haka lasifika mai kaifin 87 tana bukatar ninkin wutar mai kaifin 90 kafin ta kamo ta. Wannan shi ne dalilin da ya sa wani zai sayi lasifika mai nauyi da tsada, ya ɗaura wa ƙaramin rediyo, ya ga ta kasa ta kamfani amo. Daga nan sai ya murɗa maɓalli har ƙarshe, amfilifaya ta fara yanke kan sigina, kwayil ya yi zafi ya ƙone. Sai a kula kuma da motocin da suka zo da tambarin JBL ko Bose: suna da amfilifayar kamfani a ɓoye, lasifikunsu sau da yawa om 2 ne, kuma sauya ɓangare ɗaya ba tare da sanin ɗayan ba yakan rage sauti.

Akwai wata iyaka da babu lasifikar da ke tsallake ta, ita ce ingancin abin da aka zuba a mimori. Waƙar da aka ɗauka a kaset shekaru arba'in da suka wuce, aka kwafe ta daga kaset zuwa kaset, aka matse ta domin ta shiga waya, ta riga ta rasa wani abu, kuma tuwita mai kaifi za ta fito da huci da shuu ɗin da ke cikinta ne. Mai son tsofaffin makaɗa ya nemi kwafi mai kyau wurin mai turi, MP3 mai lamba 128 ko sama da haka, ya kuma rage maɓallin siranta kaɗan. Muna ganin wannan ɗawainiya ta cancanci a yi ta, domin waɗannan muryoyi ba za a sake ɗaukar su ba.

Wayarin

Wannan shi ne sashen da ba a gani, kuma shi ne mai iya ƙona mota. A sababbin rediyoyi launin wayoyi yana da ma'ana tsayayya: ruwan ɗorawa tana zuwa batir kai tsaye domin rediyo ya riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye, ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, baƙa tana zuwa jikin mota, shuɗiya kuma tana tayar da eriya ko amfilifaya. Mai wayarin da ya murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya ya kai su batir ya bar rediyo a farke dare da rana, kuma motar da ta kwana biyu ba a tayar ba za ta wayi gari sai an tura. A motocin Volkswagen da dama gurbin waɗannan wayoyi biyu a juye yake a mahaɗin kamfani, alamarsa kuwa ita ce rediyo ya manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota. Maganinsa musanya su kawai. Kowace lasifika tana da waya mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, idan aka juya na ɗaya sai faifanta ya riƙa ja lokacin da 'yar'uwarta ke turawa, kauri ya ɓace, murya ta rasa tsakiya. Ana gane haka da ƙaramin batir na tocila mai bolt 1.5: idan an haɗa daidai faifan wufa zai motso waje. Ba a yi wa tuwita wannan gwaji. Haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif kuwa zafi yana narkar da gam ɗinsa, gargada ta kwance shi, don haka liƙi da darma ko mahaɗin da aka matse da filaya shi ne aikin da ke ɗorewa.

Fis wata siririyar waya ce da aka yi domin ta tsinke idan wuta ta wuce kima, kafin babbar waya ta yi zafi ta kama. Duk wayar da aka ja daga batir zuwa amfilifaya dole ta samu fis kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45, kuma inda ta huda ƙarfen da ke raba inji da ɗakin fasinja a sa mata zoben roba. Maye gurbin fis da guntuwar waya ko takardar kwalin sigari ganganci ne da rayukan mutane, balle a motar da wani lokaci ake ɗaukar jarkar fetur a but. Fis yana kuma tona asirin kwali. Amfilifayar da aka rubuta wa wat 3,000 amma fis ɗinta amfiya 30 ne ba za ta iya jan fiye da wat 432 ba, wato 30 sau 14.4, kuma wani kaso na wannan yana tafiya a zafi. Ita ma wayar a duba ta: akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wadda ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na abin da ta farko ke ɗauka. Kankare bakinta da wuƙa yana nuna farin da ke ciki.

Babbar amfilifaya da akwatin wufa

Ba mu ce waɗannan kaya ba su da amfani ba. Ƙaramar amfilifaya mai kyau tana sa lasifikun ƙofa su yi magana a sarari ba tare da an takura su ba, kuma mai son kiɗan zamani a motarsa ta kansa yana da hakkin jin kaurinsa. Amma a lissafa kuɗin da ba a gani. Altaneta, injin da ke cajin batir, a yawancin tsofaffin ƙananan motoci tana ba da amfiya 70 zuwa 90, kuma fitilu da fanka da famfon mai suna da rabonsu a ciki. Amfilifaya mai wat 400 na gaskiya tana iya jan amfiya 40 idan an buɗe ta, alamar kuwa ita ce fitilar gaba ta riƙa lumshewa tare da kiɗa. A motar haya akwatin yana cinye wurin buhu. Sannan akwai batun kunne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a harkar lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2. Direban haya yana wuni a cikin wannan ƙara, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Sashen da yake fara tafiya shi ne na wajen haz 4,000, wato inda baƙaƙen magana suke.

A motar haya akwai hakkin fasinja. An saba ɗora manyan lasifika biyu a allon baya, dab da ƙeyar waɗanda ke kujerar ƙarshe, a bar na gaba a mace. Direba yana ƙara murya domin ta iso shi, tsoho ko mai goyo da ke baya su sha azaba tun daga Funtuwa har Gusau. Gyara lasifikun ƙofar gaba da karkato sauti gaba yana magance wannan, ya kuma bar direba ya ji sosai da ƙaramar murya. Hakan yana da wata fa'ida a hanyar da kowa ya san halin tsaron da take ciki: direba yana bukatar kunnensa domin hon na bayansa, da canjin kukan inji ko taya, da kiran wanda ke tsayar da shi ya gaya masa abin da ke gaba. Allon taɓawa ma yana da nasa haɗarin, domin motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kallon allo na daƙiƙa biyu tafiyar mita 50 ce ba a ga hanya ba. Rediyo mai maɓallin murɗawa, wanda hannu ke samu ba sai ido ya bi shi ba, ya fi dacewa da mai tuƙi.

Ga mai mota da kuɗinsa ke da iyaka, tsarin da hujjojin nan suka nuna shi ne ya fara da eriya da wayoyi, ya bi da lasifikun gaba masu kaifi kuma masu om daidai da na motarsa, sannan rediyo mai matsakaicin zango da ramin mimori da bulutut, ya bar amfilifaya sai ya ga saura. Ranar gwaji ya je da karatun malamin da ya san muryarsa, ya saurara mota na tafiya, gilashi a sauke. Ga masu wayarin na Yankara da Sheme da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa kuwa, roƙonmu shi ne kada mota ta bar hannunku sai kun nuna wa mai ita inda fis yake, kun gaya masa lambarsa, kun kuma mayar da ledar cikin ƙofa yadda kuka same ta.